Takardar Wasa Ma Kundi Ce



Akwai wata irin kasuwa da take ci sau ɗaya a shekara a wasu manyan biranen Turai da Amurka, wadda ba a kasa komai a cikinta sai tsofaffin littattafai da takardun da samunsu ya yi wuya. Ta birnin New York tana ci ne a wani tsohon ginin soja da ke titin Park Avenue, ta Landan kuma ana kiranta Firsts. Dillalai sukan zo daga ƙasashe da dama, kowa da rumfarsa da akwatunansa na gilashi, an jera taswirori da wasiƙun sarakuna da bugun farko na shahararrun littattafai. A cikin masu yawon wannan baje koli akwai wani irin mutum da nake so mu tsaya a kansa yau. Shi ne mai tara kayan tarihin wasanni. Zai wuce rumfar taswira bai waiwaya ba, ya je ya duƙa a kan kwali yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɗan ƙaramin littafin nan da ake sayarwa a ƙofar fili ranar wasa. In ka karɓi irin wannan ɗan littafi ka duba, bai wuce 'yan shafuka ba, takardar ta yi ja don tsufa, ƙarfen da ya riƙe ta ya yi tsatsa. A tsakiya ga sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare, ga sunan alƙalin wasa, a gefe ga tallan mai sayar da keke da na mai ɗinki, a sama ga kuɗin shiga. Sau da yawa ma za ka tarar wani ɗan kallo ya sa fensiri ya soke sunan wanda bai buga ba, ya rubuta wanda ya maye gurbinsa, ya kuma rubuta yadda aka tashi. Wannan ɗan rubutun fensiri shi ne shaidar wanda ya gani da idonsa, kuma saboda shi mai tarawa yake yin tattaki.

Kada mu ɗauka abin na 'yan kwabbai ne. A watan Disamba na 2010 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da shafi biyu da James Naismith ya rubuta dokokin ƙwallon kwando guda 13 a kansu a 1891, a kan dala miliyan 4.3. A 2011 aka sayar da tsohon kundin dokokin ƙwallon ƙafa na kulob ɗin Sheffield, wanda ya samo asali tun 1858, a kan fam 881,250. A ƙarshen 2019 kuwa, shafuka 14 na jawabin da Pierre de Coubertin ya yi a Paris a 1892, inda ya nemi a farfaɗo da wasannin Olamfik, sun kai dala miliyan 8.8. Ban kawo waɗannan alƙaluma don mu yi ta mamakin kuɗin Turawa ba. Na kawo su ne don su nuna cewa akwai al'ummar da ta yanke hukunci tun da daɗewa cewa takardar wasa kundi ce kamar kowane kundi. Hukuncin da nake ganin mu ma ya kamata mu yanke ke nan, kuma mun makara, domin tarihin wasanninmu yana ƙarewa a hannun mai tsire da mai ƙosai, ana naɗe shi da yaji ana miƙa wa mai saye.

Abin da ya sa wannan sakaci yake da ciwo shi ne, mu ba baƙin takarda ba ne, kuma mutanen Fezzan ta kudancin Libiya sun fi kowa sanin haka. Ta wannan sahara takarda ta riƙa shiga ƙasar Hausa da Borno shekaru aru-aru. Ayari yakan taso daga Tarabulus, wani ya bi ta Gadamus da Gat ya ratsa Azbin ya sauka Damagaram da Kano, wani ya bi ta Sabha da Murzuk ya nufi Bilma da Kukawa. A cikin kayan da raƙuma suke ɗauke da su har da ɗaurin takarda daga masana'antun arewacin Italiya, wadda in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. A kan irin wannan takarda aka rubuta ɗimbin Alƙur'anai da littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami da suke gidajen malamanmu har yau. Bature Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya baro Tarabulus a 1850 ya bi ta Murzuk da Gat da Agadas ya isa Kano a farkon 1851, ya lissafa takarda a cikin hajar da take shigowa kasuwar birnin daga arewa. Littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar yana cikin abin da dillalan waccan kasuwa suke kasawa yau da tsada. Hatta kan sarkin da Faransawa suka buga lokacin da suke riƙe da Fezzan, tsakanin 1943 da 1951, mai ɗauke da hoton ganuwar sojan Sabha, masu tarawa suna nemansa. To al'ummar da ta san ta yi wa littafi tadarishi na fata, ta sa shi a gafaka, ta rataye shi nesa da gara da damshi, uba ya bar wa ɗa har zuriya biyar, ba za a ce ba ta iya ajiya ba. Mun iya. Zaɓe kawai muka yi, muka ware abin da muke ganin ya cancanci gafaka, muka bar sauran wa iska.

Mu duba abin da muka bar wa iskar. A 1949 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta farko da ta wakilci Najeriya ta tafi Ingila ta jirgin ruwa, ta buga wasa tara, akasarin 'yan wasan ba takalmi a ƙafarsu. Sun fara da lallasa Marine ta yankin Liverpool da ci 5 da 2. 'Yan littattafan waɗancan wasanni kulob-kulob ɗin Ingila ne suka buga su, a can aka adana su, don haka mai son ganin jerin sunayen su Teslim Balogun kamar yadda aka buga shi a ranar, can zai nufa. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas ta ɗauki kofin Gwamna, ita ce ta farko daga wajen Legas da ta taɓa ɗaukar sa tun da aka fara gasar a 1945. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran gasar ƙasa, kuma a shekarar ce Pele ya zo Kaduna, ya sa rigar Fluminense ta Burazil aka kara da ita Raccah ɗin, har aka ɗauke shi hoto cikin babbar riga da hula. Dubban mutane sun shiga filin nan da tikiti a hannu. Ka shiga majalisar dattawan Fagge ko ta Tudun Wada ka tayar da zancen, za ka sha labari har dare ya raba, amma ka ce wa zai nuna maka tikitin ko takardar sanarwar, sai majalisa ta yi tsit. Haka abin yake ga ƙwallon dawaki na Katsina, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya ɗaure wa gindi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa har a wajen ƙasa. Haka yake ga wasan fayib da Sardauna Ahmadu Bello ya koya tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina ya kuma riƙe har girmansa.

Ita Libiya kuwa ta ga wata irin asarar da ta fi ta gara muni. A shekarar 2000, bayan magoya bayan kulob ɗin Al-Ahly na Bangazi sun nuna fushinsu a fili ga Sa'adi, ɗan shugaban ƙasar na lokacin, hukuma ta sa aka rushe ginin kulob ɗin, kofuna da takardun tarihinsa suka salwanta a ciki. Wanda ya ba da wannan umarni ya fahimci abin da da yawa daga cikinmu ba mu fahimta ba, wato in kana son ka karya zuciyar jama'ar gari, ka shafe shaidar abin da suka taɓa yin alfahari da shi. Bayan irin wannan ɓarna, abin da yake saura shi ne ɗan abin da wani ma'abocin kulob ya ɓoye a ƙasan adakarsa, hoto ɗaya, tikiti ɗaya, shafin jarida ɗaya. A ranar ne ake gane cewa mutumin da ake yi wa kallon mai tara shara, shi ne ma'ajin gari.

Na san abin da wani mai sauraro zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ai wasa wasa ne, sunansa ma ya nuna, ina dalilin haɗa takardar ƙwallo da kundin malamai? Amsata ta farko ita ce, malaman da kansu ba su raina fagen ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana da ɗan littafi sukutum a kan kokawa. Ibnul Ƙayyim yana da littafi a kan sukuwa da harbi da tsere. Amsa ta biyu kuwa, ita takardar wasa tana ɗauke da abin da ya wuce wasan. Ɗauki sunan Raccah kaɗai. Suna ne na gidan kasuwancin da Saul Raccah, wani Bayahude mutumin Tarabulus, ya kafa a Kano, ya yi fice a cinikin gyaɗa. Ashe a cikin sunan kulob ɗaya akwai Libiya, akwai dalar gyaɗa, akwai zaman baƙi a birnin Dabo. Bi sunayen sauran ƙungiyoyi na wancan zamani, ta ma'aikatan jirgin ƙasa, ta masaƙar UNTL ta Kaduna, ta masana'antar kayan soja ta DIC, ta kamfanin siminti na Gboko, sai ka ga jadawalin gasar ya zama taswirar masana'antun da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, wasunsu yau sun zama kufai. Jerin 'yan wasa goma sha ɗaya na wata ƙungiyar Kano ko Jos a shekarun 1950 zai gaya maka su wa suke zaune a garin, daga ina iyayensu suka zo, da yadda suka cuɗanya, fiye da yadda rahoton Razdan zai gaya maka. Kuɗin tikiti kuma yana faɗa maka abin da sule yake iya saye a lokacin.

Wani zai ce mu mutanen baka ne, tarihin jarumanmu yana bakin makaɗa, me za mu yi da takarda? Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, domin gaskiya ne babu takardar da za ta riƙe ɗan dambe Shago kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta riƙe shi. Yaron da aka haifa bayan an daina ganin Shago a fage ya san sunansa, ya san jarumtarsa, albarkacin wannan murya. Amma mu faɗi gaskiya, aikin makaɗi shi ne ya kambama gwaninsa. Ba a ɗauke shi aikin faɗin ranar da aka yi damben ba, ko garin, ko turmi nawa aka yi, ballantana ya tsaya ya ba da labarin ranar da aka buge mutuminsa. Wanda ba shi da makaɗi kuwa, ko ya fi kowa kisa a fage, da an binne shi an binne sunansa. Damben gargajiya yana da tsari, akwai Kudu, akwai Arewa da ake kira Jamus, akwai Guramada, akwai sarakunan dambe, akwai masu shirya wasa da suke buga takardar sanarwa su manna a tasha da bakin kasuwa. Waɗannan takardu ruwan farko na damina yake wanke su daga bango. Sannan ita kanta waƙar, a ina take zaune? A kaset take, kaset kuwa zarensa yana laushi, yana mannewa, na'urar jin sa ma ta zama abin nema. Duk wanda ya adana kaset ɗin Ɗan Anace da kwalinsa da rubutun da ke jikinsa, shi ma mai tarawa ne, kuma da shi muke magana. Dubi kokawar Nijar, inda gwamnati ta shigo tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Saboda an rubuta, yau kowa zai iya jero zakarun shekara bayan shekara, daga su Salma Ɗan Rani da Kadade har zuwa Isaka Isaka na Doso, ba gardama. Makaɗan kokawa ba su rasa komai ba don an rubuta, sai ma ƙarin abin kirari da suka samu. Dambe, wanda ya fi gasar takobi tsufa nesa ba kusa ba, ba shi da irin wannan jeri, shi ya sa musun wa ya buge wa yake ƙarewa da rantsuwa.

Matasa kuma za su ce ai yanzu komai yana waya, an wuce zamanin takarda. To ai abin da yake intanet na shekarun baya, wani ne ya ajiye takardar ko hoton har aka samu abin ɗauka a ɗora. Ita wayar kuma, duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Gatrun zuwa Sabha ya san yadda take ɓata, ko a ƙwace, ko rairayi ya kashe ta, ta tafi da hotunan shekara biyar. Takardar jinjirin wata uku ta haura shekara 200 ana karanta ta ba caji.

Hujjar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta ƙarshe. In muka koya wa mutane cewa waɗannan takardu suna da daraja, ba mun buɗe wa dillalai ƙofa ba ke nan? Mai dala zai zo ya kwashe, abin ya ƙare a akwatin gilashi a Landan, jikan mai shi sai ya nemi biza kafin ya gani. Bayan haka ɓarayi za su shiga ma'adanar gwamnati su yage shafukan tsofaffin jaridu, 'yan damfara kuma su fara ƙera na jabu. Wannan ba zato ba ne, mun ga yadda aka yi da kayan tarihin Nok da ake haƙowa ana fitarwa ta bayan fage, mun ga yadda kundayen Timbuktu suka zama hajar ɓoye. Ba zan ce haɗarin babu shi ba. Abin da zan ce shi ne, mu auna shi da halin da muke ciki yanzu. Takardar da aka sayar wa baƙo tana nan a duniya, ana iya ɗaukar hotonta, ana iya neman a dawo da ita. Wadda aka hura wuta da ita ta tafi har abada. Kuma Timbuktun da ake misali da ita, darasinta na gaskiya shi ne, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, har suka ƙona wasu kundaye a cibiyar Ahmad Baba a farkon 2013, mafi yawan kundayen sun tsira ne saboda iyalan garin sun san darajar abin da suke riƙe da shi, suka zuba a akwatunan ƙarfe suka sulale da su Bamako ta mota da kwalekwale. Sanin daraja ne ya cece su. Ko a can Turai da Amurka, wanda ya sayi shafukan Naismith ya miƙa su ga Jami'ar Kansas, wanda ya sayi jawabin Coubertin ya ba gidan tarihin Olamfik da ke Lausanne. Muna da attajiran da suke kashe miliyoyi a kan kulob da dokin folo da kyautar mota ga zakaran dambe. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi zai isa a buɗe sashen wasanni a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko cibiyar binciken IRSH a Yamai wadda ta riga ta saba da adana kundaye. In akwai mai saye na gida da wurin ajiya na gida, dillalin waje zai tarar an riga shi. Jami'o'inmu kuma suna iya sa ɗalibai su bi Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta ta farko a Janairun 1939, da New Nigerian tun daga 1966, su tsamo duk labarin wasa da ke ciki su jera, kafin takardun su gama ruɓewa.

Amma kafin attajiri ya motsa, kafin jami'a ta zauna taro, aikin yana hannun mai sauraro na gida. A ɗakin tsohuwa akwai adaka, a ƙarƙashin gadon baba akwai jakar da ba a buɗe ba tun rasuwarsa. In ka ci karo da hoton ƙungiyar unguwa, ko katin ɗan wasa, ko takardar gayyatar kokawa, kada ka kai a manne ta da roba mai zafi, domin zafin yana cinye tawada kuma ba a iya ɓare ta daga baya. Sa ta tsakanin farar takarda biyu, a cikin kwali, a ɗaga daga ƙasa saboda gara. 'Yan'uwanmu mazauna Sabha da Murzuk da Gat, inda akan shekara ba a ga ruwan kirki ba, Allah Ya ba su busasshiyar iskar da takarda take so, nasu kawai su kare ta daga rana da ƙura. Sannan a ɗauki hoton a kai wa dattijon da ya san mutanen ciki, a zauna kusa da shi da fensiri, ya riƙa nunawa da yatsa ana rubutawa a baya: wannan wane ne, a wane fili, wace shekara, da wa aka buga. Yaron da ya ga dawowar kofin Kano a 1953 yana ɗan shekara goma, yau ya haura tamanin. Saurayin da ya tsaya a fagen Tawa a 1975 ya ga an miƙa wa Kantu takobi, yau furfura ta gama rufe shi.